Igiyar Kaka mai ƙulli bakwai

Wata Juma'a ce a cikin Shawwal, ina da shekara tara, Baba ya tsayar da tsohuwar motarsa a ƙofar tashar jiragen ruwa, iska tana kawo warin kifi da na mai. Haka muke yi kowace shekara. Daga nan mukan tafi a hankali har gidanmu a unguwar Madain Fahd, muna bin hanyar da Kaka ta taka da ƙafa ranar da ta sauka Jidda, shekaru bayan ta baro Kano. Kaka tana zaune a gaba, a cinyarta akwai igiyar kaba mai ƙulli bakwai, kowane ƙulli zango ɗaya. Takan kama ƙulli ta faɗi sunan garin da abin da ta bari a can, Baba yana tuƙi yana faɗa da masu manyan motoci, ni kuwa ina baya ina tsotsar ƙanƙara ina kallon tsuntsayen teku.

A lokacin ina jin Hausa amma ba na mayarwa. In Kaka ta sa ni tsintar shinkafa, da Larabci nake amsa mata, ita kuma ta kira ni "Balarabiyar gida".

Ranar, Kaka ta fara lissafi lafiya: Kano, Maiduguri, Abeshe. A ƙulli na huɗu sai ta tsaya. Ta murza shi, ta sake murzawa, bakinta yana motsi babu kalma. Ta ce, "Ɗan nan, ina ne nan?" Baba ya ce, "Inna, wallahi ban riƙe ba. Halas, shi ke nan, a wuce na gaba." Ta ce ita ba ta tsallake kabarin ƙanwarta.

Sai na ji muryata ta fito kafin in yi shawara. "Janaina ce, Kaka. Inda kika binne Talatu a gindin aduwa, kika bar mata ƙwaryarki." Kaka ta juyo ta ƙare min kallo. "Ja'ira! Ashe kina da baki kike wahalar da ni?" Ta miƙo min igiyar. "To yalla, ƙarasa." Na ƙarasa ina tuntuɓe: Ubayyid, Sawakin, Jidda.

Yanzu Kaka ta rasu, hanyar ta cika da gadoji, ba a barin mota ta yi tafiya a hankali kamar yadda muke yi a da. Amma har yau muna zuwa, Baba ne yake tuƙawa, ni ce a gaba riƙe da igiyar. Garuruwa shida ban taɓa ganinsu ba, da yatsana kawai na san su. A ƙulli na huɗu nakan ɗan daɗe.