Saiwar Malam Tanimu

A gaban rumfar wani tsoho mai maganin gargajiya, cikin kasuwar Sabon Gari, wata mata tana tsugune tana karya saiwoyi tana shinshinawa. Za ta kai shekara arba'in. Farar rigar ɗakin gwaji tana leƙowa daga jakarta, yatsunta duk sun rine. Ina jin daga jami'ar da ke Samaru take, cikin masu tace magani daga itatuwa.

"Baba, wannan ba irin ta bara ba ce. Wadda Malam Tanimu ke haƙowa nake so. Abin da na tace daga cikinta ne kaɗai ya kashe ƙwayar cutar da ta gagari allura."

"Hajiya, tun damina Tanimu ya shiga daji, har yau ko takalminsa ba a gani ba."

Tana salati, hannunta na damƙe da wata 'yar kwalba. Garin da ke ciki bai ko rufe gindinta ba.

"Dajin nan da kowa ya gudu ya bari saboda 'yan bindiga? Me ya kai shi?"

Tsohon yana kallon farar rigar.

"Cewa ya yi wata malama a Samaru tana jira."