Kalandar Matar Ƙarfe Nawa

Shekara ashirin da shida Ƙarfe Nawa ya yi yana gyaran agogo a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da mai ɗinkin jaka. Shagon taku uku ne a tsaye, biyu a kwance. Sunan kuwa tun kafin zuwan wayar hannu ya samo shi, lokacin da masu leƙowa su tambayi lokaci suka fi masu kawo gyara yawa.

Mutum ne mai tsari. Ƙarfe biyar yake tashi. Bakwai ya buɗe shago, ya jona butar lantarki, ya haɗa baƙar gahawa. Kofi ɗaya bakwai, ɗaya tara da rabi, ɗaya sha biyu, na ƙarshe ƙarfe uku. A gida kuwa ba ya sha, don matarsa ta ce warin ƙonanniyar taya gare ta, kuma ba a kicin ɗinta ba.

Duk wannan tsari ran Lahadi yake rushewa. Ranar ce ta hutunsa, yakan yi barci har goma, kuma ranar ce ta zuwa gaida surukarsa a can ƙarshen gari. Wajen sha ɗaya, daidai lokacin da matar ke ɗaura ɗankwali, sai wani haske mai kamar haƙoran zarto ya fara rawa a idonsa na hagu. Bayan minti ashirin ɓarin kansa ya kama bugawa. Sai tashin zuciya, sai amai. Ya ja labule, ya cire agogon bango ya tura ƙarƙashin katifa. Mutumin da ke wuni cikin agogo arba'in, yau ƙarar guda ɗaya ta gagare shi.

"Ikon Allah," in ji matar. "Ciwon nan naka ya san hanyar gidanmu."

"Wallahi kaina zai tsage."

"Ya tsage mana, Malam, mu ga abin da ke ciki. Jiya da daddare lafiyarka ƙalau kana kallon ƙwallo."

Ba ta tsaya ga baki ba. Ta sami jan biro, duk ranar da ya kwanta sai ta zagaye ta a kalandar kicin. Da Lahadi ta sha huɗu ta wuce, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin mai duhu ta yanke hukunci.

"Inna ta daina tambayarka, ni na gaji da yi maka ƙarya. Lahadi mai zuwa in na tafi ni kaɗai, to a can zan zauna. Ka dafa agogo ka ci."

Ya san ba wasa take ba. Abin da ya fi ci masa rai, shekara ashirin da biyu suna tare, yau ta ɗauke shi maƙaryaci. Gaskiya ne hirar Inna ba ta ɗauke shi ba. Amma rashin son hira daban, amai a bokiti daban.

Ran Talata ta tasa shi gaba zuwa asibiti, kalanda a naɗe a hammata, don likita ta tona masa asiri.

Likitar ta shimfiɗa kalandar a tebur, ta bi jan biron da yatsa.

"Waɗannan Lahadi ne. Wannan Litinin ɗin fa?"

"Hutun gwamnati ne, an rufe benen," in ji matar.

"Za ku je gidan Inna ranar?"

"A'a."

"Wannan Larabar?"

"Ranar aka yi musu feshin maganin ƙwari, bai fita ba."

"Ranar ma ba gidan Inna?"

Matar ta gyara zama. Da hannunta ta zagaye su.

Likita ta tambaye shi abin da yake ci da sha, da lokacin barcinsa. Da ya lissafo kofi huɗu sai ta ajiye biro.

"Baba, ciwon ɓarin kai ne, kuma na gaske ne. Irin kanka ba ya son canji. Kwana shida ka saba masa da tashin biyar da gahawa huɗu, ran na bakwai ka hana shi gahawa, ka ƙara barcin awa biyar, ka tsallake karin kumallo. Ba dole ya yi bore ba?"

Ta ce ya riƙa tashi lokaci ɗaya kullum, ya karya, ya sha ruwa sosai, ya rage gahawar a hankali zuwa kofi biyu, amma har da Lahadi. Ta rubuta ƙwayar da zai sha da zarar ciwon ya taso, ta gargaɗe shi kada ya wuce kwana biyu a mako yana sha, don yawan maganin ma ciwon kai yake haifarwa. In kuwa ciwon ya sauko farat ɗaya kamar tsawa, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a kawo shi nan take.

A hanya ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Sai dai ran Lahadi ƙarfe biyar ta tashe shi, ga kofi a hannunta, ta toshe hanci da gefen zane.

"Ungo tayarka."

Sha ɗaya ta yi, ba haske, ba bugu. Ya jira har sha ɗaya da rabi, ko da rabon a yi. Shiru. Ya sa takalmi.

Inna ta dube shi sama da ƙasa yana durƙushe.

"A'a, ashe kana raye? Wa ya warkar da kai? Muna shan hirarmu da 'yata lafiya lau."

Ta sa aka sauko masa da agogon bangonta da ya tsaya tun bara. Ya zauna da shi a cinya awa huɗu da minti goma, yana sauraron tarihin gwiwarta ta dama. Da yamma suka koma gida tare, ita a gaba, shi a baya rungume da agogo.

Kalandar tana nan a kicin. Cikin wata shida da suka biyo, sau uku kawai aka zagaye. Lahadi kuwa ko ɗaya bai ƙara tsallakewa ba, don ba shi da sauran hujja.