Gambar Kawu Sale a Saman Bene

Duk wanda ya zauna da mu a unguwar Manfuha ta birnin Riyad ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ba ya karya kumallo sai ya hau saman bene ya gaida ciyawarsa. Gamba ce, a bokitan fenti. Mutane na aikawa gida a kawo musu kilishi da daddawa, shi kuwa irin gamba ya sa aka ƙullo masa cikin safa!

Wai da ita zai farfaɗo da makiyayar garinmu da rairayi ya cinye. Na ce, "Kawu, ai a gida ya kamata a shuka ta."

"Kai yaro ne, Habu. Makaranta na kawo ta. In ta jure zafin Riyad, me rairayin garinmu zai yi mata?"

Ruwa kuwa sai wanda mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigarwa, shi ma ranar Juma'a kawai. Na taɓa zuba mata na gora, ya kusa cinye ni ɗanye. "Za ka sangarta min ita!"

Wata shekara haris, mai gadin gidan, ya ɗaure ragon layyarsa a saman. Rago ya tsinke igiya ya yi wa gambar aski ƙwal. Muka taru mu rirriƙe Kawu kada ya jawo wa iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, bala'i, sai ya kece da dariya. "Ya ci? Allahu Akbar! Ragon Larabawa ma ya shaida!" Ya bi haris har ƙasa, wai diyyarsa kashin ragon, zai yi taki.

Muna dariya, amma labarin gida ba daɗi. Rijiyoyi sun ƙafe. Yayan Kawu ya sayar da sauran shanu ya koma birni. Kafili kuma, ubangidansa Balarabe, kullum aka yi maganar komawa gida sai ya ce baɗi. Kawu kan mayar da waya aljihu ya ce, "Gamba ba ta mutuwa, barci take yi."

Bara, tsakiyar zafi, ya kwanta bai tashi ba. Nan muka binne shi, inda babu ko tsinken ciyawa. Na daina hawa saman sam. Da aka yi ruwan sama lokacin sanyi na leƙa, sai ga gambar ta tofo, koriya shar.

Wallahi haushi ne ya fara kama ni, sannan kuka. Ta gama makarantarta, amma wa zan kai wa? Garin babu saniya ko ɗaya, babu mai shuka.

Duk da haka, Juma'a ina hawa da ruwan mukayyif. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya sa shi ma barci yake yi, a wuri mai sanyi da ruwa.