Gawarwakin da suka durƙusa wa Gwaggo

Ni tela ne a Tanut, ban taɓa koyon sinima ba. Amma na gaji da kallon matattun Turawa suna tashi suna cin mutane a wayar abokai. Na ce mu ma za mu yi namu, kuma namu sai sun fi nasu yunwa.

Kamarar ta wani ɗan'uwana ce mai ɗaukar hoton biki a Damagaram. Bikin suna ya kawo shi, motar la'asar zai bi ya koma, batirinsa kuma saura kaɗan. Ya ce mini, "Ba mu da na'urar yankewa da haɗawa. In na kunna, ba kashewa sai ƙarshe. Mutum ɗaya ya ɓata, fim ya tafi."

Na tara samarin unguwa, muka shafe su da toka, na rataya musu tsummokaran shagona, ruwan zoɓo ya zama jini. Na ja musu kunne: gawa ba ta magana, ba ta san kowa ba.

Daga bakin rijiya muka fara. Ina gudu, suna bina da jan ƙafa da gurnani, awaki na watsewa. Muna zagaya rumbunan hatsi sai ga Gwaggo, yayar babana, da ƙwaryar fura a kai. A shekarar mijinta, Malam, ya rasu.

Gawar da ke gaba, wani ƙaton makaniki da Gwaggo ta goya yana jariri, ya yi turus. Ya cire takalmi, ya durƙusa. Sauran duk suka zube bayansa.

"Ina wuninku, Gwaggo."

Da akwai sanda a hannuna, da ya zama gawar gaske.

Ta ƙare musu kallo. "Ku kuma su wane ne?"

"Matattu ne, Gwaggo."

"To, sannunku da hanya. Yaya kuka baro mutanen can? Malam yana lafiya?"

Makanikin ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Lafiya lau yake. Yana gaishe ku."

"Ina amsawa," in ji ta, ta wuce da furarta.

Suka miƙe suka ci gaba da bina, suka cinye ni a ƙofar shago kafin batiri ya mutu.

Ranar kasuwa aka nuna fim ɗin a rumfar kallo, na laɓe can baya don kunya. Da gawarwaki suka durƙusa, dariya ta kusa ɗaga rumfar. Da aka zo kan Malam, aka yi tsit. Sai tafi ya ɓarke, Buzaye da Fulani ƴan cin kasuwa na cewa a mayar. Ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Har daga Belbeji ake zuwa a tura musu a waya.

Gwaggo ba ruwanta da sauran fim ɗin. In ta zo shagona sai ta ce in kunna mata wurin gaisuwar. Makaniki ya ce Malam yana gaishe ta, ita kuma ta gyara zama ta ce, "Ina amsawa."