Makullin Ɗakin Matsar Mai

A lokacin ni ce shugabar ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa a Mirriya, kuma gaskiya kaina ya yi girma. Mu goma sha huɗu ne, muna da ɗaki a bakin tasha da injin da wani furoje, wato shirin agaji, ya bar mana, makulli da hatimi duk a hannuna. Gari yana ta cika da ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga Damagaram, su tafi aiki da safe su dawo da yamma, kuma in sun sauko daga mota sai sun biyo ta wurinmu sayen mai da ƙuli-ƙuli. Ba mu yi arziki ba, amma babu wadda take roƙon kowa sabulu.

Sai wani Alhaji ɗan Kano ya zo neman hayar ɗakin na shekara goma. Ya ce babban kanti zai buɗe, mai firij da fitilu, zai ɗauki 'ya'yanmu aiki, kuma da 'yata zai fara tunda ta yi lakkol, wato karatun boko. Nan ya kama ni. Na tara mata na kawo maganar, sai aminiyata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ta tambaye ni ko na san abin da zai sayar a ciki. Ta ce ranar da injin ya bar bakin tasha, kasuwarmu ta mutu. Raina ya ɓaci, na ce mata baƙin ciki take yi don ba 'yarta aka zaɓa ba. Ta dube ni, ta gyara mayafinta. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Ranar kasuwa, suna can suna auno gyaɗa, na bi Alhaji ofishin magajin gari na sa hannu a takardar haya, na buga hatimi da sunanmu duka. Kwana biyu ina ɓoye musu, muna suya tare, ina leƙawa duk sanda mota ta tsaya a ƙofa. A rana ta uku magina suka iso da siminti. Babu wadda ta zage ni, da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Muka ɗora injin a amalanke muka kai gidana can bayan gari, inda mai saye ba ya zuwa.

Da kanti ya buɗe, abin da aka jera a bakin ƙofa man girki ne na leda da na jarka, wanda ya fi namu araha. Kafin kaka ta zagayo ƙungiya ta watse. Mutum biyu aka ɗauka aiki, mai gadi da 'yata, wadda take wuni a tsaye a kan albashin da ko cefane bai isa ba. Sauran matan yanzu su ma motar asuba suke bi zuwa Damagaram, wanki da wanke-wanke a gidajen mutane.

Watan jiya na kai wa 'yata abinci a kantin, sai ga aminiyata ta sauko daga mota, sabulun wanki duk ya cinye mata hannu. Ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta ce wa 'yata ta ba ta man leda ɗaya, ƙarami. Matar da ta shekara ashirin tana matse mai da hannunta. Na ce a bar mata kuɗinta, ta ce a'a, ta ajiye ta fita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

'Yan uwa, makullin da jama'a suka ba ku ajiya ba naku ba ne. In an zo muku da maganar kanti, ku tambayi mutum nawa za su ci abinci a ciki, mutum nawa kuma za a raba da nasu. Aminiyata ta yi irin wannan tambayar, ni na rufe mata baki da baƙar magana. Injin yana nan a zaurena ya yi tsatsa, kullum sai na raɓa shi kafin in fita.