Soson Folish ɗin da Ya Raba Ni da Aikina

Shekaru sun ja sosai yanzu. Lokacin ba a fi shekara biyu da yanka mana jiha ba, ina direban wani Alhaji a Gusau. Ba zan kama suna ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma 'ya'yansa suna gaishe ni idan mun haɗu. Ɗan kasuwar hatsi ne da sabuwar jiha ta buɗe wa ƙofar kwangila, sai ya jingine tsohuwar akori-kurar da na shekara bakwai ina fama da ita, ya sayo wata baƙar mota daga Kwatano. Da wannan aikin nake ciyar da mahaifiyata da matata da yara biyu a Bungudu. Ba ni da gonar kirki, ban iya wata sana'a ba. Sitiyarin nan shi ne abincinmu.

In faɗa muku gaskiya, na so motar nan fiye da mai ita. Alhaji shiga kawai yake yi ya kishingiɗa a baya, ni na san kowane lungu na jikinta. Wani tsohon mai fenti a Sabon Gari ne ya koya mini sa mata folish, irin na gwangwani mai kauri kamar man kaɗe, wanda ke zuwa da ɗan zagayayyen soso rawaya a ƙarƙashin murfi. Sai ka wanke mota tas ta bushe, ka kai ta inuwa, don idan ƙarfe ya ɗau zafi man ƙamewa yake yi ya ƙi fita. Ka ɗan jiƙa soson ka matse, ka lakato kaɗan, ka bi jikin motar a zagaye, sashe-sashe, ba ka danna hannu. Ka jira ya yi fari-fari. Idan ka ja yatsa ka ga wurin ya fito fes, to ya yi, sai ka bi da tsohuwar singileti mai laushi ka goge.

Amma abin da tsohon ya fi nanata mini shi ne soson. Ya ce idan ya faɗi ƙasa ko sau ɗaya ne, kada ya sake hawa mota sai an wanke shi. Bayan kowane aiki a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya a inuwa, a ɗaure a leda. Kafin ka tsoma shi a gwangwani kuma ka murza shi a tafin hannunka, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zane baƙin fenti. Na riƙe wannan kamar karatun allo. Har wa'azinsa nake yi wa sauran direbobi a bakin sakatariya idan muna jiran iyayen gidanmu, suna yi mini tsiya wai limamin folish. Ni kuwa ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba. Akwai abokina, ɗan unguwarmu a Bungudu, yana tuƙa bas a hanyar Gusau, shi ma na zaunar da shi na koya masa duk da babu abin da za a goge a jikin bas ɗinsa.

Wata Alhamis a ƙarshen damina Alhaji ya aike ni Bungudu in duba masa masu aiki a gonarsa. Ya ce in kwana gida, amma gobe ƙarfe goma in kasance a ƙofarsa, za mu Tsafe ɗaurin auren ɗan wani babban mutum. Ya ƙara da cewa, "Ka san irin mutanen da za su taru. Ina son motag ga ta yi magana tun kahin in hito."

Na ce, "Alhaji, ka bar mani wanga."

Da la'asar na wanke soson, na ɗora shi a kan tagar ɗakina ya sha iska. Duk wanda ya san soson folish ya san ba ya komawa sabo. Ko ka kwana kana wanki, sai ya bar wani dafi-dafi a fuskarsa, kuma wannan ba datti ba ne, ba ya cutar da komai. To mahaifiyata ba ta san haka ba. Ita mace ce da ba ta iya ganin abu da tabo ta wuce. Gindin tukunyarta ma sai ta dirje shi da toka da yashin rafi har ya yi haske, tana yi tana mitar matan zamani.

Da safe bayan na dawo masallaci na wanke motar, na leƙa gona na dawo a gurguje. Na tarar da soson a cikin ledarsa, a ɗaure, a kan gwangwanin. Inna tana bakin murhu ta ce, "Na gyara maka ɗan abin ga naka."

Na ce, "Allah shi saka, Inna." Na ɗauka ɗauke shi kawai ta yi daga taga ta adana.

Na ga ya yi wani irin haske, rawayarsa ta fito, har da ɗan damshi daidai yadda ake so. Ku ji wauta: sai na ce a raina lalle sabulun da na canza yana da kyau. Lokaci ya tafi, rana ba ta fito ba, hadari ya rufe gari tun asuba. Limamin folish, mai yi wa mutane wa'azi, ranar bai murza soso a tafin hannunsa ba. Na tsoma shi a gwangwani na hau aiki a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, rediyon motar yana ta kiɗa. Na yi bonet, na yi rufi, na yi ƙofofi huɗu da but. Na bari ya yi fari, na goge. A wannan duhun hadarin motar ta yi baƙi wuluk, har na ja da baya na riƙe ƙugu ina kallonta. Inna ma ta leƙo ta soro ta ce, "Kai, ta yi kyau ƙwarai."

A Gusau Alhaji ya fito cikin farar shadda, ya dubi motar ya gyaɗa kai. Muka kama hanya. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba har muka shiga Tsafe, na samu wuri mai kyau a gaban gidan bikin na ajiye ta a jerin motocin manya, inda kowa zai gani.

Ana saukowa daga Juma'a hadarin ya watse, rana ta buɗe tarwai. Ina tahowa daga masallaci na hango mutum uku huɗu tsaye a kan motar, har na fara murmushi, na ɗauka yabo ake yi. Da na matso sai na ga abin da suke kallo. Gaba ɗaya jikinta zane ne, zagaye a kan zagaye, sirara kamar saƙar gizo, duk inda rana ta taɓa sai su tashi fari. Babu inda hannuna ya bi da bai bar shaida ba.

Alhaji ya iso tare da abokansa. Ɗaya daga cikinsu, wanda na san suna takarar kwangila ɗaya, ya sunkuya ya duba bonet ya ce, "Alhaji, da tsintsiyar kwakwa anka share ma ita?" Aka kwashe da dariya. Alhaji bai yi dariya ba.

Ya ce, "Buɗe but. Ɗauko abin da kag goge ta da shi."

Na ɗauko ledar na kwance. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun safe, na murza soson a tafina. Ƙaras-ƙaras. Na kai shi hanci, a ƙarƙashin ƙamshin folish na ji warin toka. Nan take maganar Inna ta dawo mini, na gane irin gyaran da ta yi. Ta dirje shi da yashi kamar tukunya, ta ɗauraye, yashin ya shige ramukan soson ya zauna.

"Wa yat taɓa shi?" in ji Alhaji. "Kai da kullum kaka cika mani baki ba ka barin kowa shi taɓa kayan aikinka. Wa yat taɓa shi?"

Mutane sun kewaye mu, har da maroƙa. Ta yaya zan buɗe baki a wannan taron in ce uwata ce, a mai da ita abin dariya? Na ce, "Ni na, Alhaji. Kuskure niy yi."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Abin da ya faɗa bayan haka ba zan rubuta shi duka ba, amma ya kira ni baƙauye, ya ce wanda ya saba da jaki bai kamata a ba shi mota ba, laifinsa ne da ya ɗauko ni daga kan buhunan dawa. Shekara bakwai ina tashi kafin ya tashi, na kwana da shi a daji mota ta lalace, na kai matarsa asibiti a guje tana naƙuda. Duk wannan bai zo bakinsa ba. Ya ba wani makullin, suka tafi cin abinci. Ni kuma na taka zuwa tasha da gwangwanin folish a hannu, na shiga bas a matse tsakanin buhunan masara.

A gida na ce wa Inna da matata Alhaji ya rage ma'aikata ne. Mutum ɗaya tak na faɗa wa gaskiya, abokin nan nawa mai bas, don abin ya cika mini ciki. Na roƙe shi ya riƙe. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, kamar a rijiya."

Bayan kwana huɗu na je wurin tsohon mai fenti ko ya san mai neman direba. Ya ce ai an kawo masa motar. Zanen bai ci ƙasa ba, saman fentin kawai ya taɓa, tsakanin azahar da magariba ya fitar da shi da man gogewa. Ya ce ya faɗa wa Alhaji haka, ya kuma ce masa kada ya rabu da ni. Alhaji ya ce ya riga ya ɗauki wani. Na tambayi wa. Sai tsohon ya kwatanta mini abokina mai bas.

Ban yi faɗa da shi ba. Aiki ne ya gani a ƙasa ya ɗauka, shi ma yana da iyali. Abin da ban yafe da wuri ba shi ne bakinsa. Ya faɗa wa tasa mahaifiyar, ita kuma ta zo har gida yi wa Inna jaje.

Ranar ina Gusau neman aiki, ban san komai ba. Matata ce ta ba ni labari daga baya, sauran kuma maigadin Alhaji ya cika mini. Inna ta yafa mayafinta, ta ɗauki ƙwaryar ƙwan zabin da take tarawa, ta hau mota ita kaɗai, matar da ko kasuwar Bungudu ba ta cika zuwa ba. Ta yi ta tambaya har ɗan kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar gidan Alhaji a Gusau. Maigadi ya ce Alhaji yana hutawa. Ta zauna a gindin katanga tun hantsi har aka yi azahar. Da aka buɗe get, motar ta fito, tana sheƙi, abokina a sitiyari. Tsohuwar nan ta durƙusa a gefen hanya ta ɗaga hannu.

Alhaji ya sauke gilashi kaɗan. Ta ce, "Alhaji, ni ta uwar direbanka. Ni niw wanke soson, shi bai sani ba. Ka hukunta ni, ka mai da shi aikinai, yana da ɗiya ƙanana."

Ya ce, "Inna, ai wanga ya wuce. Allah shi ba shi wani." Ya ɗaga gilashi. Maigadi ya karɓi ƙwan ya shiga da shi ciki, ya dawo mata da ƙwaryar.

Na yi wata biyar ba aiki kafin na samu tuƙin wata motar ɗaukar hatsi. Mun sha wuya, amma wuya tana wucewa, ta kuma wuce. Yau ina da motar kaina, ina sa mata folish, kuma har gobe ina murza soso a tafina sau biyu. Laifin nawa ne, na sani, daƙiƙa biyu na kasa bayarwa. Na kuma koyi cewa mai gida yana iya yabon hannunka shekara bakwai ba tare da ya taɓa ganin mutumin da ke maƙale da hannun ba. Na yi wa Alhaji addu'a ranar da ya rasu, na bi gawarsa. Amma ƙarya nake yi idan na ce zuciyata ta wanke, don duk lokacin da na tuna uwata a durƙushe a bakin titi saboda zanen da aka goge a yini ɗaya, sai abin ya dawo mini sabo.

Na sha faɗa mata ba laifinta ba ne. Sai ta ce, "Na ji," ta kau da kai. Ta yi shekara shida bayan haka, kuma ba ta sake taɓa wani abu nawa ba. Ko hulata ce ta faɗo daga kan ƙusa, ba za ta ɗauka ba. Sai ta tsaya a kanta, hannuwanta a baya, ta kira ni daga tsakar gida ta ce, "Zo ka ga kayanka, ban taɓa ba."