Zugun Kaka Hajo

Ni dai har gobe ba ni son a tambaye ni wa nike kaɗa ma zare. Kaka Hajo, mahaifiyar babana, ita ta jawo mini wannan, Allah ya jiƙanta.

A ƙauyenmu, can wajen Urafan, da an ci tuwo sai mu jikoki mu kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta. Ita kuwa ba ta iya zama hannu sake. Ta dangwali alli, ta murza mazari cikin ɗan ƙoƙo, zare na fitowa daga auduga siriri kamar gashi. Ba don kasuwa take yi ba, cewa take in ba ta kaɗi hannunta ƙaiƙayi yake. Akwai kuma wani farin zugu da masaƙin garinmu ya saƙa mata da zaren hannunta, tana ajiye da shi cikin tukunya. Kowa ya san likkafaninta ne, haka tsofaffin lokacin ke tanadi.

Ran nan da za ta yi mana gatana, wato tatsuniya, ta dube mu ta ce, "Ga ta nan tafe. Wanda ya jiƙa mini tabarma, shi zai shanya ta."

"Ta iso mu ji ta!" munka amsa.

Wai wata tsohuwa ce makaɗiya, daga ita sai jikanyarta guda. Ita ma ta kaɗa zare, an saƙa mata zugu, ta ajiye. Wata magariba sai ga baƙuwa doguwa, ba sallama, ƙafarta ba ta barin sawu a yashi. Ta zauna bakin ƙofa ta ce, "Wannan farin na wane ne?" Tsohuwa ta ce nata ne. Baƙuwa ta warware shi, ta auna da kamun hannunta, ta leƙa ɗaki inda yarinya ke barci.

Nan Kaka ta tsaida mazari. Ta rage murya, ta kwaikwayi baƙuwar ta ce, "Ya yi tsawo. Rabi ma ya isa. Miƙo mini aska."

Wayyo Allah! Ni ce jikanyar da ke kwana ɗakin Kaka. Na kasa ko waiwaya bayana.

Tsohuwar gatana dai ba ta miƙa aska ba. Ta fizge zugunta, ta naɗe jikinta da shi kaf, ta ce, "Ni na kaɗa, ni za a naɗe." Da gari ya waye yarinya ta tashi lafiya lau, tsohuwa ba ta tashi ba. Kaka ba ta ko ce ƙurunƙus ba, ta ci gaba da kaɗinta. Na daɗe ina duba yashin ƙofarmu kowace safiya.

Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo gari, ya kwantar da ni. Wuya ya sandare, ana neman amalanken da zai kai ni gidan likita a Tasawa. Cikin zafin jikin nan na ga Kaka zaune bakin ƙofa, ta fiddo zugunta ta ɗaure a ƙugu. Aska da almakashin gidan duk ta tattara ta zauna a kansu.

Babana ya durƙusa ya ce, "Haba Inna, mi ne ne haka? Rai na Allah ne."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ba gardama nike ba, roƙo nike."

Na warke a gidan likita. Kaka kuwa ba ta ga ruwan farko na shekarar ba. Da zugunta anka rufe ta, ba a rage ko taki ba.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na yi aiki, na san allura ce ta tashe ni da ikon Allah, kuma kowa da ranarsa. Da ina ɗaukar gatanar nan abin tsorata yara. Sai da na girma na gane ba mu kaɗai ke jin tsoro a bakin wutar ba, Kaka ta fi mu, kuma ba don kanta ba.

Yanzu a Tasawa, in na gama hidimar gida, sai in ɗauko mazarinta in yi ta kaɗi don nishaɗi, maƙwabta na yi mini dariya wai ga yadi cike da kasuwa. Kwanan baya jikanyata Nana ta jingina da ni ta ce, "Kaka, wannan farin zaren na wane ne?"

Ban san sanda na dubi ƙofa ba, na ɗaga murya yadda ko wanda ke zaure zai ji, na ce, "Nawa ne. Ni kaɗai."